Wasan Karta Na Mutum Ɗaya: Sa'a Ce Ko Iyawa?



Yau na ɗauko abin da na san wasunku za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato wasan kartar nan na mutum ɗaya da ke cikin waya da kwamfuta, wanda ake kira Solitaire. Da wuya a samu wanda bai taɓa shi ba a cikinmu. Yana cikin wayar mai shagon caji a kasuwar Kaugama, yana cikin kwamfutar mai buga takardu a Haɗejia, yana hannun ɗalibin da ke jiran mota ta cika a tashar Malam Madori. Ba ya neman abokin yi, yawancinsa ma ba ya neman data. Amma ka tsaya bayan mai yi ka kalla na minti biyar, za ka ga danne-danne kawai ake yi. Duk katin da zai iya motsawa sai a motsa shi, in wasa ya cije a ce yau babu sa'a, a sake sabon rabo.

Ni a ganina yawancin wasannin da ake faɗuwa, hannun mai yi ne ya kayar da su. Kuma dalilin da ya sa ake yin sa a makance shi ne babu wanda ya zauna ya yi wa mutanenmu bayaninsa da harshen da suke tunani da shi. Wannan kuwa aikinmu ne mu masu riƙe da alƙalami. Don haka bari in fara yin bayanin da kaina, daga baya in zo kan abin da ya shafe mu.

Wasan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, da katin takarda ake yin sa a Turai da Amurka. Abin da ya watsa shi duniya shi ne kamfanin Microsoft da ya saka shi cikin Windows 3.0 a shekarar 1990. Wani ɗalibi mai neman sanin makamar aiki a kamfanin, Wes Cherry, shi ya rubuta manhajar, wata mai zane Susan Kare ta zana katunan. A lokacin mutane ba su saba da linzamin kwamfuta ba, to jan kati daga nan a ajiye can shi ya koya wa ɗimbin ma'aikata yadda ake danna linzami a riƙe, a ja abu, a saki. Daga baya masu ƙera manyan wasannin bidiyo suka riƙa cusa irinsa a matsayin ɗan ƙaramin wasa cikin babba, wurin da mai wasa zai huta in ƙwaƙwalwa ta yi zafi. Wasan Shenzhen I/O na shekarar 2016 ya zo da nasa salon, ya karɓu har aka fitar da shi daban. Kowane da 'yan ƙa'idojinsa, amma wanda ya iya na asali, wanda ake ce wa Klondike, ba zai sha wuyar sauran ba. A kansa zan yi magana.

YADDA AKE SHIMFIƊA SHI

Kati 52 ne, dangi huɗu, kowane dangi kati 13. Dangi biyu jajaye ne: mai hoton zuciya da mai hoton daimon. Biyu baƙaƙe ne: mai kama da kan mashi da mai kunnuwa uku. Kowane dangi ya fara daga A, wanda shi ne ɗaya, ya hau 2, 3, har 10, sannan J, sannan Q, sannan K a ƙoli. Zan kira K Sarki, Q Sarauniya, J Yarima.

Allon ya kasu uku. Akwai fili, inda aka jera layi bakwai: na farko kati ɗaya, na biyu kati biyu, haka har na bakwai mai kati bakwai. Jimla kati 28, amma na saman kowane layi kaɗai ne a buɗe. Ke nan bakwai kake gani, 21 suna kife. Sauran 24 suna tare a kusurwa, zan kira su buhu, daga nan ake jawo kati ɗaya-ɗaya ko uku-uku, gwargwadon yadda aka saita. Sai gurabe huɗu da babu komai a cikinsu a sama, zan kira su rumbuna, kowane dangi da rumbunsa.

Cin wasa shi ne ka kai duk kati 52 rumbu, kowane dangi daga A zuwa Sarki a jere. A fili kuwa akasin haka ake jerawa: daga babba zuwa ƙarami, kuma ja kan baƙi, baƙi kan ja. Baƙin 7 yana hawa kan jan 8, jan 6 ya hau kan baƙin 7. Jerin da ya ginu ana iya ɗaukarsa gaba ɗaya a kai wani layi. Duk lokacin da ka ɗauke katin da ke kan kifaffe, kifaffen zai buɗe. In layi ya ƙare ƙarƙaf, Sarki kaɗai ke da ikon zama a wannan gurbi.

Ƙa'idar ke nan duka. Yaro ɗan firamare zai riƙe ta cikin minti goma. Inda iyawa take shi ne zaɓi.

YADDA AKE CI

Abu na farko da za ka sa a rai: abokan gabarka su ne kati 21 ɗin nan da ke kife. Ranar da na ƙarshensu ya buɗe, wasa ya kusa zama naka, shi ya sa manhajoji da yawa suke ƙarasa maka da kansu daga wannan gaɓa. Saboda haka kafin ka taɓa kowane kati ka tambayi kanka: wannan motsi zai buɗe min kifaffe, ko zai share hanyar buɗe shi? In amsar a'a ce, dakata tukuna.

In kana da zaɓi biyu, ka fifita layin da ya fi tarin kifaffu. Misali jan 8 yana fili, ga baƙin 7 a layi na biyu mai kifaffe ɗaya a ƙarƙashinsa, ga wani baƙin 7 a layi na bakwai mai kifaffu shida. Hannun mai gaggawa yakan kai ga na kusa. Amma layi na bakwai ne ya danne kaso mafi yawa na abin da kake nema, kuma in ka bari wasa ya yi nisa ba ka fara tone shi ba, wuraren ajiya za su cike ka rasa inda za ka sauke abin da ke fitowa. Haka kuma in baƙin 7 ɗaya yana fili ɗaya yana buhu, na fili za ka ɗauka. Na buhu bai danne kowa ba, yana nan yana jiranka a zagaye na gaba.

Na biyu, A da 2 su wuce rumbu nan take. A ba ya ɗaukar kowa a bayansa, 2 kuwa A kaɗai zai ɗauka, shi kuma A yana da wurin zuwa. Amma daga 3 zuwa sama sai an yi lissafi. Nan ne mutane suka fi kashe wasansu, domin kai kati rumbu yana da daɗi, manhaja ta yi ƙara, maki ya ƙaru, mutum ya ga kamar ya ci gaba. To ka ɗauka ka kai baƙin 5 rumbu, jim kaɗan jan 4 ya buɗe a saman layi mai kifaffu biyar, 'yan'uwansa A da 2 da 3 ba su fito ba. Da baƙin 5 yana fili, da jan 4 ya hau kansa layin ya buɗe. Yanzu ka kai garma ɗaki alhali ba a gama huɗa ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: kati ya gama aikinsa a fili in katunan nan biyu na ɗaya launin da ke bi masa a ƙasa sun riga sun shiga rumbu. Baƙin 5 zai tafi hankali kwance in jajayen 4 duka biyu sun tafi. Kafin nan, kada ka kai shi sai in tafiyarsa za ta buɗe kifaffe. Manhajoji da yawa suna barin a dawo da kati daga rumbu zuwa fili, in taka tana bari, ka riƙa tunawa da wannan ƙofa.

Na uku, kada ka share layi in ba ka da Sarkin da zai zauna. Layin da babu kowa a cikinsa kuma babu Sarki a hannu, gurbi ne da ka rufe wa kanka, ka koma aiki da layi shida maimakon bakwai. In kuma Sarakuna biyu ne ke jira, ja da baƙi, kada ka ɗauki wanda ya fara zuwa hannu. Jan Sarki yana kiran baƙar Sarauniya, jan Yarima, baƙin 10, jan 9. Baƙin Sarki yana kiran kishiyoyinsu. Dubi fili ka ga wa ya danne kifaffu masu yawa. In jan Yarima ne zaune kan tari, jan Sarki za ka naɗa, domin ta zuriyarsa Yariman zai samu wurin sauka.

Na huɗu, buhu. In kati ɗaya-ɗaya kake ja kuma ba a iyakance zagaye ba, duk abin da ke buhu naka ne a kowane lokaci, don haka ba ka da dalilin zubo shi fili barkatai. Ka fara zagaya shi sau ɗaya ka ga abin da ke ciki, sannan ka ɗauko wanda zai buɗe maka hanya. In uku-uku ne, akwai ɗan lissafi mai daɗi. Cikin kati 24, waɗanda za su fito a sama su ne na 3, na 6, na 9, har na 24, guda takwas ke nan. In ba ka ɗauki ko ɗaya ba, zagaye na gaba su ɗin dai za ka sake gani. In ka cire ɗaya daga farko-farko, duk na bayansa za su gusa da mataki ɗaya, sai wasu sababbi su fito sama. In ka cire uku kafin wani wuri, daga wurin zuwa ƙarshe jerin ya koma yadda yake. Ke nan wani lokaci za ka ga katin da zai shiga, ka ƙyale shi da gangan, domin ɗaukarsa zai binne wanda ka fi buƙata a gaba. Wani lokaci kuma ka ɗauki wanda ba ka damu da shi ba don kawai jerin ya gusa.

Na biyar, ka san gawa in ka gan ta. Akwai rabon da ba ya ciwuwa ko wa ya zauna a kansa. Misali 5 mai zuciya yana saman layi, a ƙarƙashinsa aka binne baƙaƙen 6 guda biyu da 4 mai zuciya. Ba shi da inda zai hau a fili, ba shi da hanyar rumbu, kuma duk masu cetonsa suna ƙarƙashinsa. Wannan ko shekara za ka yi ba zai motsa ba.

To nawa ne irin wannan? Wasu masu bincike biyu a Jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotilan, Charlie Blake da Ian Gent, sun sa kwamfuta ta gwada rabo masu ɗimbin yawa, suka fitar da sakamako a 2019: a salon jan uku-uku, in mai wasa ya san inda kowane kati yake, kusan kashi 82 cikin 100 na rabo suna ciwuwa. Gaskiya ne mu ba ma ganin kifaffu, don haka ba mai kaiwa wannan adadi da ido rufe, wani zaɓin dole canke ne. Amma ka auna da kanka. In cikin wasa goma ɗaya kake ci ko biyu, alhali wajen takwas suna da hanya, ba duka gibin nan ne rashin sa'a ba. Maɓallin komawa baya da ke cikin manhaja shi ne malaminka a nan: in wasa ya cije, koma inda ka yi zaɓi tsakanin abu biyu ka bi ɗaya hanyar, za ka ga sau nawa take ɓullewa.

Wanda yake son ya cire sa'a daga maganar kwata-kwata, ya gwada ɗan'uwansa FreeCell, inda duk kati 52 suke a buɗe tun farko. Tsohon na Windows yana da rabo 32,000 masu lamba. Tsakanin 1994 da 1995 mutane suka raba su a tsakaninsu ta intanet suna warwarewa, duka suka ciwu in ban da guda ɗaya, mai lamba 11982. A can in ka faɗi, ba ka da wanda za ka ɗora wa.

MASU CEWA CACA CE, DA MASU CEWA ƁATA LOKACI NE

Ba zan tsallake wannan ba, domin a garuruwanmu kalmar karta kanta tana da wari. Iyayenmu sun ga gidajen da karta ta rusa, ƙyamarsu tana da tushe. Haramcin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, babu saɓani a kai. Wasan da babu kuɗi a cikinsa kuwa malamai sun yi maganganu mabambanta, kowa ya koma ga malaminsa ya ji. Abin da zan ƙara a matsayina na mai kallon wasan shi ne iyakar tana nan kusa, kuma ana iya nuna ta da yatsa. Cikin na Windows akwai salon ƙirga maki da ake kira Vegas: ana cire maka dala 52 ta wasa tun kafin ka fara, a ba ka dala 5 kan kowane katin da ya shiga rumbu. Sai ka kai kati 11 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Duba yadda wannan ya juya wasan: duk haƙurin da na bayyana a sama ya rushe, mutum ya koma wawurar abin da zai kai rumbu yanzu-yanzu. Wannan kuɗin ƙarya ne ma. Yau akwai manhajojin da ke cewa ka zuba kuɗin gaske ka yi gasa ka ci riba. Duk wadda ta nemi ka sa ko naira ɗaya don ka ci fiye da ita, sunanta caca, ko da wane hoto aka yi mata ado. A goge ta.

Maganar ɓata lokaci kuma gaskiya ce ga mai yin sa a makance. Shi ne ke sake rabo bayan rabo har sallah ta wuce, shafin da ya yi niyyar rubutawa yana nan fari, domin dannawa ba tunani ba ta gajiyar da kowa. Wanda yake lissafin kowane motsi, wasa biyu ko uku sun ishe shi ya ji kansa ya ɗauki zafi ya ajiye. Ga mai rubutu shawarata ita ce wasa ya zo bayan shafi, kada ya riga shi.

Akwai ma wurin da yake da amfani a fili. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai yaran ƙauyukanmu da suka iya latsa waya amma ba su taɓa riƙe linzami ba sai an kusa shiga ɗakin jarrabawa. Latsa gilashin waya daban, sarrafa linzami daban. Mai shagon kwamfuta da zai zaunar da irin wannan yaro kan Solitaire na awa ɗaya, ya yi masa aikin da aka saka wasan cikin Windows dominsa tun 1990: hannu ya saki, tsoron na'ura ya ragu.

INDA MAGANAR TA SHAFE MU

Ku lura da abin da ya faru a sama. Don in yi bayanin wasan nan sai da na nemo wa kowane sashe suna: fili, buhu, rumbu, kifaffe. Sai da na yanke shawarar abin da zai fara zuwa da abin da zai biyo baya, domin in na ambaci rumbu kafin in faɗi mene ne shi, na zubar da mai karatu. Wannan nau'in rubutu, na bayanin yadda ake yin abu, shi muka fi sakaci da shi. Muna da masu iya siffanta idon budurwa shafi uku, amma ka ce a rubuta yadda ake cike fom a intanet, ko yadda ake haɗa injin ban-ruwa a fadama, sai a koma Turanci ko a yi dungu. Magabatanmu ba su raina shi ba. Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja, shi ne kuma ya haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa.

Kuma rubutun bayani ba ya karɓar cin hanci. Labari in ya yi rauni, abokai za su ce ma sha Allah, alƙalami ya fi takobi, a wuce. Amma in ka rubuta ƙa'idar wasa, gwajin a hannu yake: ka miƙa wa ƙanenka da bai taɓa yi ba, ka yi shiru. In ya iya, ka rubuta. In ya ɗago kai ya ce “Yaya, wannan ina zan sa shi?” to ga inda jimlarka ta karye, ba gardama. Marubucin da ya sha wannan horo, in ya koma kan ƙagaggen labari za ka ga bambanci, domin ya saba tambayar kansa abin da mai karatu ya riga ya sani da abin da bai sani ba tukuna.

Solitaire baƙo ne, yana da masu rubuta shi a harsuna da yawa. Namu fa? Dara tana nan, rami 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku a ci na abokin karawa, kuma tana da dabarun da dattawan da ke buga ta a gindin bishiya suka fi kowa sani. Ga langa, ga carafke, ga 'yar gala-gala. Yaran da ke tasowa da waya a hannu sun fi sanin jan Sarki da baƙar Sarauniya a kan waɗannan. In masu iyawa suka tafi ba a rubuta ba, sunayen kaɗai za su rage a cikin karin magana, mu riƙa cewa dara ta ci gida ba mu san yadda ake cin gidan ba.

Don haka ga aikin wannan mako ga mai so. Zaɓi wasa ɗaya na garinku, ka je wurin wanda ya iya shi ka tambaya, ka rubuta ƙa'idarsa da dabarar cinsa cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba in akwai ta Hausa. Ka gwada shi a kan wanda bai iya ba kafin ka kawo mana. Wanda kuma ya gwada dabarun da na zayyana, ya yi wasa ashirin yana ƙirgawa, ya zo ya faɗa mana nawa ya ci. In da inda bayanina ya ɗaure masa kai, ya nuna min layin.